Halal a Gida, Laifi a Bakin Iyaka: Mas'alar Majinyacin da Ke Tafiya da Maganinsa

Ana saura kwana tara jirginsu ya tashi zuwa Umara, na shiga gaida wata gwaggona wadda ciwon daji ya kama wa ƙashi shekara biyu da suka wuce, na tarar da ita zaune bisa darduma da carbi a hannu, 'yarta kuwa tana gefe ta baje magunguna a kan faifai, tana ɓallo ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya daga cikin katinsu tana zubawa a wata 'yar kwalbar man shafawa da ta wanke ta shanya, domin a ganinta kwalayen sun cika jaka ba gaira ba dalili. A cikin abin da take ɓallowa akwai farar ƙwaya ta hawan jini, akwai ta ƙarin jini, akwai kuma wata 'yar ƙarama wadda ita ce ke bai wa tsohuwar damar runtsawa da dare, wato mofin. Kwalayen da ke ɗauke da sunan maganin da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa kuwa an riga an tara su a bakin ƙofa, suna jiran mai shara.

Na ce, "Gwaggo, ina takardar likita?"

Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Wace takarda kuma, ɗan nan? Ai likitan da kansa ya rubuta mini, shi ne ma ya ce kada in kuskura in tsallake ko da dare ɗaya. Ni da za ni ɗakin Allah, wa zai tsare tsohuwa a kan maganin ciwonta?"

Maganar tata babu ƙarya a cikinta ko ɗaya, kuma irin wannan zato nata shi ne zaton mafi yawanmu. Sai dai akwai wata haƙiƙa da ta ɓuya gare ta, wadda ita ce dalilin wannan rubutu, cewa ikon alƙalamin likita yana ƙarewa ne a inda ikon ƙasarsa ya ƙare, kuma da zarar matafiyi ya ajiye jakarsa a gaban jami'in kwastan na wata ƙasa, to dokar wannan ƙasar kaɗai ce ke magana, ita kuwa ba ta san zogin ƙashi ba, ba ta san furfura ba, ba ta san kyakkyawar niyya ba, abin da ta sani shi ne sunan sinadari da adadinsa da hujjar da ke rakiyarsa.

Dangin afyun da masu buƙatarsu

Magungunan da muke magana a kansu dangi ɗaya ne, kakansu kuwa shi ne ƙaron wani fure da Larabawa ke kira afyun, wanda likitocin Musulunci na da, irin su Ibnu Sina a cikin littafinsa Alƙanun, suka san amfaninsa wajen kashe raɗaɗi, suka kuma yi gargaɗi a kan haɗarinsa. A farkon ƙarni na 19 wani mai haɗa magani Bajamushe ya tace mofin daga cikinsa, daga baya aka sami kodin, sa'an nan masana suka ƙirƙiro wasu a ɗakin bincike masu aiki irin nasa, kamar taramol da fentazosin da oksikodon da fentanil da metadon da bufrenofin. Dukansu suna da fuska biyu: rahama ne ga wanda ciwo ya hana sakat, musiba ne kuma ga wanda ya mai da su abin maye, kuma ƙwayar da ke cikin jakar majinyaci ita ce dai ƙwayar da ke cikin jakar ɗan fasa-ƙwauri, babu wata alama a jikinta da za ta rarrabe su.

Masu buƙatarsu ta halastacciyar hanya kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu matsanancin ciwo: masu ciwon daji, da waɗanda aka yi wa babban aiki, da masu amosanin jini, wato sikila, waɗanda ƙasarmu ta fi kowace ƙasa a duniya yawansu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya, wanda kuwa ya taɓa kwana a gefen gadon yaron da ciwon ya tasar wa, ya ji yadda yake kiran sunan uwarsa har muryarsa ta dushe, ba zai nemi a yi masa dogon bayani a kan matsayin wannan magani ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda ba a cika son ambatonsu ba, alhali kuwa sun fi kowa shiga tsaka mai wuya idan tafiya ta kama: mutanen da jarabar shan hodar iblis ta heroyin ko kodin ko taramol ta taɓa kamawa, suka tuba suka miƙa kansu ga asibiti, likita ya ɗora su a kan metadon ko bufrenofin, wanda ake sha da ma'auni a kowace rana domin ya kwantar da ƙishirwar jiki ba tare da ya bugar ba, har mutum ya iya komawa sana'arsa da iyalinsa. Wannan hanya ta jinya wasu likitoci biyu ne a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka kafa ta a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da magungunan biyu cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. A Ingila da Amurka da Faransa da Jamus dubban ɗaruruwan mutane ne ke rayuwa a kanta, kuma ba za a rasa 'ya'yanmu mazauna can a cikinsu ba, masu son zuwa gida ganin iyaye ko zuwa sauke farali.

Asalin tsananin

Ba haka kawai hukumomi suka wayi gari suna tsananta wa wannan dangi ba. Duniya ta ga abin da cinikin afyun ya yi wa ƙasar Sin a ƙarni na 19, har aka gwabza yaƙi biyu a kansa tsakaninta da Turawa, saboda haka aka zauna a Shanghai a 1909, aka ƙulla yarjejeniyar farko a birnin Hague a 1912, aka yi ta ƙari har zuwa babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda ta tattara hukuncin mofin da kodin da metadon da ire-irensu, da ta 1971 wadda bufrenofin da fentazosin suka faɗo a ƙarƙashinta, da ta 1988 wadda ta fuskanci masu fataucin kai tsaye. Akwai kuma wata hukuma mai mazauni a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mai suna INCB, wadda aikinta shi ne sa ido a kan yadda ƙasashe ke cika waɗannan alkawura.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yarjejeniyar 1971 ta bar wa ƙasashe damar ƙyale matafiyi ya shiga da ɗan abin da zai yi amfani da shi na ƙashin kansa, ta 1961 kuwa ba ta yi irin wannan tanadi a fili ba, saboda haka kowace ƙasa ta yanka wa kanta ƙa'ida daidai da tsoronta da abin da ta gani a cikin al'ummarta. Shi taramol ma ba ya cikin jerin waɗannan yarjejeniyoyi ko kaɗan, amma ɓarnar da ya yi ta sa ƙasashe da yawa suka ɗaure shi da dokokinsu na cikin gida, Masar ta tsananta a kansa tun 2012, Indiya kuma, inda ake sarrafa shi da yawa, ta shigar da shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi a 2018. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, domin a watan Mayu na 2018 gwamnatin Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, binciken da aka gudanar a ƙasar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuwa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. Jami'in kwastan na ƙasar waje ya san wannan labari, ya kuma san daga inda jirginmu ya taso; wake ɗaya ke ɓata gari, balle a ce waken ya yi yawa.

Kowane gari da ƙofarsa

Fataken da, waɗanda suka bi hanyar Gwanja ko suka keta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya, ba su taɓa ɗauka cewa al'adar ƙofar Kano ita ce al'adar kowace ƙofa ba, shi ya sa madugu ke tambayar hukuncin gari tun ayari bai isa ganuwarsa ba. Wannan ladabi shi ya kamaci matafiyin yau, domin bambancin da ke tsakanin ƙasashe a wannan babi yana da faɗi ƙwarai.

A Ingila an yarda baƙo ya shiga da abin da bai wuce na wata uku ba, da sharaɗin ya riƙe shi a jakar hannunsa tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunansa da ranakun tafiyarsa da sunan maganin da adadinsa da ƙarfinsa da sa hannun wanda ya rubuta. Ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka a ƙarƙashin yarjejeniyar Shengen suna da wata takardar shaida ta musamman ga mazaunansu, wadda hukuma ke buga wa hatimi, ba ta wuce kwana 30, kuma kowane magani da tasa takardar. Amurka tana buƙatar a bayyana maganin ga jami'i, a bar shi a cikin mazubinsa na asali. Waɗannan su ne masu sauƙin sharaɗi.

Akwai kuma waɗanda takardar likita kaɗai ba ta isar musu, sai an nemi izininsu tun kafin a taso. Japan tana cikinsu, domin mai ɗauke da mofin ko oksikodon ko makamancinsu dole ne ya rubuta wa sashen kula da miyagun ƙwayoyi na ma'aikatar lafiyarta, aƙalla mako biyu kafin tafiya, ya jira amsa. Haka Singafo da Tailan. Haka kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda 'yan kasuwarmu ke zirga-zirgar Dubai, wadda ma'aikatar lafiyarta ta buɗe hanyar neman izini ta intanet, kuma wadda ta shahara da rashin sassauci ko a kan kodin. Daga can ƙarshe kuma akwai Rasha, wadda dokarta ta haramta metadon ɗungurungum, ta kuma hana jinyar masu jarabar ƙwaya da shi ko da bufrenofin, har ya zama lokacin da ta karɓe yankin Kirimiya a 2014 an rufe wannan jinya ga majinyata wajen 800 da ke kanta, wasu suka yi hijira, wasu suka koma gidan jiya, wasu suka rasa rayukansu. A irin wannan ƙasa babu hatimin da zai halatta abin da doka ta riga ta haramta.

Amma ƙofar da ta fi shafar mai karatu ita ce ta Saudiyya, inda dubun-dubatar mutanenmu daga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi ke nufa kowace shekara, mafi yawansu dattawa, da yawansu kuma da ciwo a jiki. Ƙa'idar da hukumomin can suka daɗe da shimfiɗawa ita ce, mai irin wannan magani ya zo da rahoton asibiti wanda bai wuce wata shida da rubutawa ba, ko takardar magani mai sunansa da hatimin asibiti, a bayyana cutar da sunan maganin da yadda ake shansa, kuma abin da za a bar shi ya shiga da shi kada ya wuce na tsawon zamansa ko na wata ɗaya, duk wanda ya fi gajarta a cikin biyun. Hukumarsu ta abinci da magunguna kuma ta buɗe wani tsari na intanet inda matafiyi ke shigar da bayanansa ya nemi izini tun yana gida. A nan akwai wata mas'ala da ya kamata a lura da ita, domin alhazanmu sau da yawa zamansu kan haura wata guda tsakanin Madina da Makka da jiran jirgin dawowa, ke nan wanda ya shiga da na kwana 30 zai buƙaci ganin likita a can kafin nasa ya ƙare, wannan kuwa shiri ne da ake yi da tawagar likitocin alhazai tun kafin a tashi. Ƙasar da ta hana shiga da goro, abin da muke rabawa a wurin suna da ɗaurin aure, ba za a yi zaton za ta kau da kai daga mofin da aka zuba a kwalbar man shafawa ba. Kuma hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa har ga kisa, an kuma zartar da shi a kan 'yan Nijeriya.

Abin da ya sami wasu

A watan Oktoba na 2017 aka kama wata mata 'yar Ingila a filin jirgin saman Hurgada na ƙasar Masar da ƙwayar taramol 290 a cikin jakarta, ta ce ta kawo wa mijinta Bamisire ne saboda ciwon baya da ke damunsa, kuma ba ta san haramun ne a can ba. Kotu ta ɗaure ta shekara uku a watan Disamba na 2017, ba ta shaƙi iskar 'yanci ba sai a farkon 2019 bayan an yi mata afuwa. Kuskurenta biyu ne, kuma dukansu irin waɗanda muke yi ne kullum: maganin ba da sunanta aka rubuta shi ba, sa'an nan wani za ta kai wa.

Kafin wannan, a watan Yuni na 2015, 'yan sandan Japan sun kama wata Ba'amurkiya, babbar jami'a a kamfanin motoci na Toyota, saboda an aiko mata da ƙwayar oksikodon 57 ta gidan waya daga Amurka. Ta yi kusan mako uku a tsare, aka sake ta ba tare da an gurfanar da ita ba, amma kafin nan ta riga ta ajiye muƙaminta. Idan girman kujera da ƙarfin ƙasa ba su hana a tsare wannan ba, to ina ga talakan da bai san kowa ba, bai kuma iya harshen masu tuhumarsa ba?

Na uku kuwa a gidanmu ya faru, kuma har yau mutanen Kano ba su manta ba: wata ɗaliba ce ta tafi Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a watan Disamba na 2018, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da taramol da aka liƙa wa lambar sunanta tun daga filin jirgi ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare, sai da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya, NDLEA, ta kama waɗanda ake zargi da ƙulla abin, gwamnati ta shiga tsakani, sa'an nan aka sake ta a ƙarshen watan Afrilu na 2019. Ita ba majinyaciya ba ce, ba ta kuma ɗauki komai ba, amma ƙissarta ta nuna mana nauyin da wannan ƙwaya ke da shi a idon hukumomin can, da kuma yadda wanke kai ke da wuya bayan an riga an shiga hannu.

Me zai hana a bar maganin a gida?

Wani zai ce, tun da abin haka yake, ai sai majinyaci ya haƙura da maganin na 'yan makonni, ya tafi hannu rabbana ya dawo lafiya. Wannan shawara ce mai kama da hikima, amma a cikinta akwai halaka. Jikin da ya saba da dangin afyun, ko da ta hanyar likita ne, idan aka yanke masa farat ɗaya sai ya tayar da bore: hamma da zubar hawaye da majina, gumi da rawar sanyi, murɗar ciki da amai da gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, kuma ga mai shan metadon wannan hali kan fara ne bayan kwana ɗaya zuwa uku, ya kuma ja har makonni. A ƙiyasta dattijo a cikin wannan hali a filin Arfa, cikin zafin da kan haura digiri 40, ruwan jikinsa yana tsiyayewa. Ga wanda ke jinyar jaraba kuwa akwai haɗari na biyu wanda ya fi na farko muni, domin azabar kan tura shi neman ƙwaya a bayan fage a ƙasar da bai sani ba, kuma juriyar jikinsa tana raguwa a cikin kwanakin da ya yi babu magani, ta yadda ma'aunin da ya saba sha a da zai iya tsayar masa da numfashi idan ya koma masa kai tsaye.

Abin da ke sa mutane ɓoyewa, a ganina, kunya ce fiye da jahilci. Mai metadon yana tsoron a ce masa ɗan ƙwaya a gaban abokan tafiya, mai sikila ya gaji da kallon zargi da ake yi masa ko a asibiti, saboda haka sai a cire kwali, a tura ƙwaya cikin safa ko cikin garin yaji, alhali wannan ɓoyon shi ne ainihin abin da ke mai da majinyaci mai laifi a idon mai bincike. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware asalin mas'alar, da suka kafa ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana, suka kuma ɗaure ta da 'yar'uwarta, cewa ita larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Wanda ya duba da kyau zai ga dokar kwastan ta gari a kan wannan turba take: ka kawo hujjar larurarka, ka tsaya a kan gwargwadon buƙatarka. Babu abin kunya ga mai neman lafiya, kuma wanda ya tuba daga shaye-shaye ya rungumi jinya ya cancanci a ƙarfafa masa gwiwa. Idan kuwa ƙasar da mutum ya nufa ta haramta maganinsa baki ɗaya, to ya zauna da likitansa tun da sauran watanni, ko a sauya masa wani wanda aka yarda da shi a can, kamar allurar bufrenofin mai aikin wata guda a inda ake samunta, ko kuwa ya ɗage tafiyar. Ko aikin Hajji ma, da girmansa, an sharɗanta shi da iko, lafiya da amincin hanya kuwa suna cikin ma'anar iko.

Guzurin takardu

Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar tana da lokacinta, wato wata biyu ko uku kafin tafiya, tun ba a yanki tikiti ba. A fara da ofishin jakadancin ƙasar da za a je, a nemi amsarsu a rubuce, a duba shafin ma'aikatar lafiyarsu da na hukumar INCB, wadda ke tattara ƙa'idojin da ƙasashe suka aika mata game da matafiya, a kuma sake dubawa dab da tashi, domin waɗannan dokoki suna sauyawa. Kada a manta da ƙasar da jirgi zai yada zango, ko Alƙahira ce ko Adis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istambul, domin jirgi kan yi latti, a kwana a gari ba da niyya ba, a wayi gari ana gaban kwastan ɗin da ba a shirya masa ba.

Wasiƙar likita ta kasance a kan takardar asibiti mai hatimi, sunan da ke kanta ya dace harafi da harafi da wanda ke cikin fasfo, abin da mu masu rubuta Muhammadu ta hanya uku ya kamata mu kula da shi ƙwarai. Ta ambaci sunan sinadarin maganin na asali, domin sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta faɗi ƙarfinsa da abin da ake sha a rana da jimillar abin da aka ɗauka da ranakun tafiya da lambar wayar asibitin. A rubuta ta da Turanci, mutumin Nijar ko Chadi wanda tasa ke da Faransanci ya sa a fassara masa, idan da hali a haɗa da Larabci. A bar kowane magani a kwalinsa da tambarin kemis ɗin asibiti, a riƙe shi a jakar hannu, kada a sa shi a babbar jakar da za a auna, wadda kan ɓata ko a buɗe ta a bayan ido. Mai metadon na ruwa ya san cewa lissafinsa yana da yawa, domin wanda ke shan mililita 60 a rana zai ɗauki kusan lita biyu a wata, abin da ya ninka ƙa'idar mililita 100 ta masu binciken shiga jirgi sau da yawa, saboda haka ya sanar da kamfanin jirgin tun da wuri, ko ya tambayi likita ko za a ba shi na ƙwaya. In an sauka kuma, a nufi jami'i a bayyana masa tun bai tambaya ba. Kada a aika irin wannan magani ta gidan waya ko ta hannun wani, kada kuma a ɗiba a bai wa abokin ɗaki don an ga yana fama da ciwon ƙafa, domin a shari'ar can wannan kyauta rarraba ƙwaya ce.

Wannan ya kawo mu ga al'adarmu ta saƙo, wadda asalinta zumunci ne da taimakon juna, amma miyagu suka mai da ita tarko. Duk wanda ya tare ka a sansanin alhazai ko a bakin wurin awo, ya ce ga ɗan maganin da za ka miƙa wa ɗan'uwansa a Makka, ka ba shi haƙuri komai kusancinku, ka kuma ƙirga lambobin jakunkunan da aka liƙa a tikitinka kafin ka bar gaban ma'aikaci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gwaggona dai mun tsince kwalayen nan daga bakin ƙofa, muka koma asibiti washegari da kwalbar da katin, aka karɓi waɗanda aka ɓalle aka ba ta sababbi a cikin kwalinsu, likitan ya rubuta rahoto ya buga hatimi, wani malamin Islamiyya a unguwa ya taimaka da fassarar Larabci, jikanta kuma ya shigar da bayanan ta waya. Kwana shida abin ya ci, da kai-komo da zaman layi. Ta gaya mini bayan ta dawo cewa a Jidda ta miƙa takardun tun ba a tambaye ta ba, jami'in ya duba ya ƙirga ya mayar mata, ya yi mata addu'ar samun sauƙi.

Sai dai ba kowace tsohuwa ce ke da wanda zai shigo gaisuwa ana saura kwana tara ba, kuma bai kamata tsirar mutum ta rataya a kan dace ba. Saboda haka ina kira ga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi, da takwarorinsu na Nijar da sauran maƙwabta, da kamfanonin jirgin yawo masu kai mutane Umara, su sanya wannan babi a cikin bita kamar yadda suke koyar da ɗawafi da jifa, su kuma tambayi kowane maniyyaci a asirce, lokacin gwajin lafiya, irin maganin da yake sha, a shirya masa takardunsa tun kafin a kira jirginsa. Likitocinmu su riƙa tambayar majinyatansu ko suna da niyyar tafiya, malamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa jinya ba abin kunya ba ce. Kai kuma mai karatu, idan akwai mai irin wannan magani a gidanku kuma tafiya ta taso masa, ka je yau ka duba jakarsa, ka tabbata kowace ƙwaya tana cikin kwalinta, kowane kwali kuma yana da takardarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.